Ajin Da Ba A Tuɓe Sarki

Wani ne, malamin noma a wata sakandare can tsakanin Makarfi da Ɗandamisa, zamanin da soja suka karɓi mulki suka ce sai kowa ya koyi bin layi. Bawan Allah ne, ba ruwansa da kowa. Aibinsa ɗaya, tsoro. Shi ma tsoron ba da shi aka haife shi ba, a Ikara ya samo shi.

Layin sabulu da madara ake yi a gaban wani kanti. Tun hantsi yake tsaye har rana ta take. Da aka zo kansa aka miƙo masa sabulu, sai ya juya shi, ya auna a tafin hannu, ya ce a hankali wai sabulun bana kamar ya rame. Ashe wani kofur na tsaye a bayansa. Aka fito da shi daga layi, aka ce ya kama kunne. Tsallen kwaɗo ya yi daga bakin kanti har tashar mota, masu ƙosai na kallo, yara na taya shi ƙirga. Sabulun ma a can ya bar shi. Tun daga ranar, ko a rediyo aka sa kiɗan soja sai ya miƙe tsaye, ko da loma a bakinsa.

Ana nan sai tsuke bakin aljihu ya iso makaranta. Taki ya ɗauke, tarakta ta mutu a tsakiyar kunya, aka bar ta nan kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Malamin tarihi, wani mutumin Gana, ya ɗaure akwatinsa ya koma ƙasarsu. Gwamnati ta ce ba ɗaukar sabon ma'aikaci, na ciki ma rage su ake yi.

Shugaban makarantar, Mista Markus, ya kira mutumin naku ofis. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya da ruwan jiya, ya ce masa gonar makaranta dai ta mutu, kuma malamin da ba shi da aji shi ake fara sallama. Ga Tarihin Duniya na 'yan aji huɗu nan ba mai shi.

Mutumin ya ce shi fa duniyar da ya sani daga Zariya ta tsaya. Kano ma sau ɗaya ya je, ɗaurin aure, kuma a mota ya yi barci.

Mista Markus ya turo masa wani ƙaton littafi mara bango, ya ce, "Malam, ko ka ɗauki wannan, ko ka ɗauki kekenka."

Ya ɗauki littafi.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ya buɗe. Shafin da ya fara faɗawa, an sare kan sarki. Ya yi maza ya juya. Talakawa sun fasa gidan yari. Ya sake juyawa. Sojoji sun juya wa manyansu baki. Ya rufe littafin, ya duba hagu, ya duba dama, ya leƙa ta kan danga, sannan ya cusa shi ƙarƙashin buhun masara ya zauna a kai.

Matarsa Adama ta fito da ruwan alwala ta same shi yana gumi. Ya ce mata an ba shi littafin da kowane shafi nasa ɗaurin shekara ne. In sabulu kawai ya kai shi tasha, to wannan har Kaduna zai yi tsallen kwaɗo. Ta ce to ya mayar musu mana. Ya ce in ya mayar, ita za ta riƙa biyansa albashi? Sai ta ce ita dai in tana yi wa yara tatsuniya ta ga za su firgita, tsallake wurin dodon take yi, kuma har yau ba wanda ya kai ta ƙara.

Mutumin ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

Ranar Litinin ya shiga aji. 'Yan aji huɗun nan ba ƙananan yara ba ne, wasu har da gemu, 'ya'yan manoman rake, hannu kamar faranti. Suka miƙe suka gaishe shi. Bai amsa ba sai da ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ya rufe da kansa. Sannan ya tsaya gaban allo ya ce yau ba karatu, yau ranar dokoki ce, kowa ya buɗe kunne, amma kada wanda ya rubuta.

Ya fara da makara. Ya ce wanda ya makara kada ya kuskura ya tsaya a waje, ya sulalo ya zauna, don tsayuwa a waje ita ke jawo idon motar da ke wucewa a titi. Shan rake a aji haramun ne, sai dai in an ɓare a gida, saboda wuƙa a hannun ɗalibi ana iya yi mata wata fassara. Ranar kasuwar Makarfi wanda zai je lodin rake ya je, ba a ce ya zo ba. Hasali ma in ajin duka za su je, shi ba shi da ja.

Rubutu kuma da fensir za a riƙa yi, ba biro ba, don abin da aka rubuta da fensir yana da hanyar tuba. Aikin gida babu. Littafin da ya fita daga makaranta yana iya gamuwa da shingen soja, kuma shi ba zai je beli ba.

Nan aji ya kaure da tafi. Ya daka musu tsawa a cikin raɗa, ya ce tafi ma taro ne, taro kuwa sai da izini.

Uwaisu, monitan ajin, ya ɗaga hannu ya tambayi yadda za a raba maki. Malam ya ce rabin maki na natsuwa ne. Sauran rabin a jarrabawa. Wanda aka tambaye shi abin da bai sani ba ya rubuta "Allah ne masani", ba zai fita hannu banza ba. Wanda kuma ya manta darasi kafin ya isa gida, yana da ƙari na musamman.

Sai batun tambaya. Ya ce ana iya tambayar "yaushe", ana iya tambayar "a ina". Amma "me ya sa" ba ta shigo ajin nan ba, a bakin ƙofa za a tuɓe ta tare da takalmi. Duk wanda ya ga ya shiga uku a duniyar nan, in aka bi sawu, daga "me ya sa" ya fara.

Sannan ya rage murya har sai da na baya suka miƙo wuya.

"Babbar doka ita ce wannan. A ajin nan ba a tuɓe sarki. Ba a kashe shugaba. Talaka ba ya fushi. Duk wanda ya hau mulki, da yardar jama'a ya hau. Duk wanda ya sauka, gajiya ya yi."

Wata yarinya mai suna Atika, 'yar gidan malamai, mai ido a tsaye, ta ce, "Malam, to in littafi ya ce an kashe shi fa?"

Ya ce, "Littafin yana da iyali?"

To, haka aka fara karatu. Kuma kada ku ce bai yi ƙoƙari ba, don mutumin nan noma ya sani, da noma ya fassara duniya kaf.

Amurka da Ingila, ya ce, ba wani abu ba ne, ɗa ne ya girma ya yi iyali, ya je ya durƙusa gaban uba ya ce a fitar da shi daga gandu. Uba ya ɗan ɓata rai, kamar yadda iyaye kan yi, daga baya ya sa albarka, ya yanka masa gona. Yaƙin Duniya na Farko rikicin iyakar gona ne. Jamus ya ci kunya biyu daga gonar maƙwabci, aka ɗan ɗaga murya, dattawa suka zauna suka dasa aduruku a tsakani. Na Biyu kuma, Jamus ɗin ne dai ya tuge adurukun. Sarkin Rasha ya kwashe iyalinsa ya tafi ƙauye shan iska, ya ce leburori su ɗan riƙe masa gida kafin ya dawo. Wata Filomina ta tambayi yaushe ya dawo. Malam ya ce tambaya ce mai kyau, tana cikin ƙa'ida, amma har yanzu ana sa rai.

Da aka zo Faransa sai da ya sha ruwa. Ya ce Sarki Luwi mutumin kirki ne, talakawansa na son sa ƙwarai, har wata rana suka taso ƙwansu da kwarkwatarsu suka je fada gaishe shi, suka rako shi cikin gari don su riƙa ganinsa kullum. Daga baya ciwon wuya ya kama shi. An yi iya ƙoƙari, kwana ya ƙare. Matarsa ma ciwon ne ya ɗauke ta, da alama yana bin gida.

Yaran nan fa ba wawaye ba ne. Mutumin Gana ya ɗan ɓantara musu wani abu kafin ya tafi. Amma wa zai yi gardama da malamin da ba ya ba da aikin gida? Suka haddace ciwon wuya kamar karatun allo.

Ana cikin haka, wata safiya sai ga jif ɗin soja ta shigo makaranta tana tayar da jar ƙasa. Kwamitin duba ma'aikata ne, masu tantance wanda zai zauna da wanda zai tafi. Wani Manjo ne shugabansu, gajere, mai wuya kamar turmi, da 'yar sanda a hammata. Shi ya ja Mista Markus suka tafi duba ɗakin malamai da bayan gida. Azuzuwa kuma ya tura wani Laftana, saurayi dogo, kakinsa a goge, da ƙaramar bindiga a ƙugu.

Ajin da Laftana ya fara shiga, na mutumin naku ne. Ya tarar da tagogi a rufe, zafi kamar gidan burodi, malami a ƙame ya sara masa da hannun hagu.

Ya tambayi wane darasi ake yi. Malam ya ce noma, ranka ya daɗe. Yara suka ce tarihi. Malam ya ce to, tarihi.

Fuskar Laftana ta washe. Ashe tarihi ya karanta a jami'a kafin ya shiga soja, kuma tun da ya sa kaki bai sami wanda zai yi hirarsa da shi ba. Ya zauna a gefen tebur, ya ce a buɗe tagogin nan, sannan ya nuna Uwaisu ya tambaye shi abin da ya haddasa Yaƙin Duniya na Farko.

Uwaisu ya miƙe ya ce kunya biyu ce, ranka ya daɗe.

Laftana ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya nuna wani ƙato a baya, Bobbo, ya tambaye shi yadda Amurka ta sami 'yanci. Bobbo ya ce durƙusawa ta yi. Laftana ya juya wajen Atika ya ce ita da alama tana da kai, ta gaya masa yadda Sarkin Faransa ya bar gadon mulki.

Atika ta dubi malaminta. Malam ya lumshe ido yana motsa leɓe.

Ta ce, "Ciwon wuya, ranka ya daɗe."

"Ciwon me?"

Ajin duka suka amsa baki ɗaya, har da rausaya, "Ciwon wuya. An yi iya ƙoƙari."

Laftana ya sauko daga tebur a hankali. Ya ce wa Malam shi tun da yake bai taɓa ganin cin amanar yara irin wannan ba, kuma irinsa ne daidai waɗanda aka turo su su share daga aikin gwamnati. Malam ya ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe, littafin ne ba shi da bango, wasu shafukan sun zube. Laftana ya ce ya ba shi alli ya koma gefe, yau zai ga yadda ake koyar da tarihi, in ya so bayan nan a san abin yi da shi.

Malam ya miƙa alli. Ya ce ko a ɗan tura tagar da ke kallon ofis, saboda iska. Laftana ya ce a bar ta.

Kai, yaron nan ya iya koyarwa, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya ajiye Turanci ya kama Hausa don kowa ya ji. Ya ce a Faransa ta wancan zamani baitulmali ya bushe, bashi ya yi wa gwamnati katutu. Manya na cin nama a fada, haraji kuma a wuyan talaka. Abinci ya yi tsada, burodi ya ɓace a kasuwa. Mata kan fito tun asuba su kama layi, rana ta take, a ce ya ƙare. Yana faɗa yana zagaya aji, yana buga tebur, yana rubutu a allo da manyan baƙaƙe. Ya kai su fasa gidan yari, ya kai su tattakin mata zuwa fada, ya zana musu injin sare kai har da igiyarsa da kwandon da kan ke faɗawa.

Ajin ya yi tsit. Ko ƙuda ya gifta sai ka ji. Malam kuwa ya manne a kusurwa bayan ƙofa, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, wai ko da za a tambaya, rabi ya ji.

Laftana ya kaɗe hannu ya ce akwai mai tambaya? Kowace iri ce, kada su ji tsoro.

Wata uku ke nan yaran nan na haɗiye "me ya sa". Sai ta ɓalle.

Uwaisu ya tambayi me ya sa manyan ba su rage nasu cin ba. Laftana ya ce tambaya mai kyau, son kai ne. Atika ta ce su ma mutanen Faransa layin sabulu da madara suke yi, ko na burodi kawai? Ya ce na burodi, amma ai layi layi ne. Filomina ta ce, to su ma gwamnatinsu ta ce musu su ƙara haƙuri, gyara ake yi? Laftana ya ce e to, kusan haka. Ya ɗan sassauta wuyan rigarsa.

Bobbo ya ɗaga hannu daga baya, ya ce shi lissafi yake so ya gane. Su mutanen Faransa, shekara nawa suka yi suna bin layin kafin su gaji? Don su nan an shiga ta biyu.

 Laftana ya juya ya dubi allo. Sai a lokacin ya karanta abin da hannunsa ya rubuta, daga wannan bango zuwa wancan: IN YUNWA TA KAI MAƘURA, TALAKA KAN TASHI. A ƙasa ga inji, ga kwando.

Ya ce ina abin goge allo? Uwaisu ya ce ai tun bara babu, da hular wani ake gogewa, mai hular kuma yau ya tafi lodin rake. Laftana ya kai hannun riga zai goge, sai ga ƙarar takalmi a baranda, ƙwas, ƙwas, da muryar Mista Markus yana cewa nan ne aji huɗu, ranka ya daɗe.

Kafin ka ce me, Laftana ya yi taku biyu, ya kamo hannun Malam daga bayan ƙofa, ya danƙa masa alli, ya tsayar da shi gaban allo. Shi kuma ya koma gefe ya ƙame, ƙirji a gaba, kamar tun safe a nan aka dasa shi.

Manjo ya shigo. Yara suka miƙe. Bai ce su zauna ba. Ya tsaya gaban allo yana bin baƙaƙen da bakin sandarsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya sauko kan zanen, ya daɗe a kan kwandon. Sannan ya juya ya nuna Bobbo ya ce ya gaya masa abin da aka koya musu yau.

Bobbo dai ba ya ɓoye ilmi. Ya gyara tsayuwa ya ce an koya musu cewa in layi ya yi tsawo, kuma manya na cin nama, to akwai wani inji.

Wuyan Manjo ya ƙara kumbura. Mista Markus ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar yau ya fara lura yana yoyo.

Manjo ya ce, a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro, "Wanda ya koyar da wannan, daga yau ya bar aikin gwamnati. Kuma a bayan motata zai bar makarantar nan." Ya juyo ya sa wa mutumin naku sanda a ƙirji. "Kai ne malamin ajin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Allin nan a hannun wa yake?"

"A nawa, ranka ya daɗe."

"To wa ya koyar?"

Malam ya dubi allin. Ya dubi Manjo. Ya saci kallon Laftana, ya ga idonsa a kansa ƙyam, hannunsa kuma ya sauka a ƙugu, yatsu fari fat da garin alli. Ya dubi taga, ya ga ta yi masa nisa. Sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, wani sabon malami ne, yau ɗin nan gwamnati ta turo shi. Wallahi na yi niyyar kwaɓarsa, sai na ga da bindiga ya zo."